Gadar da ta Girmi Kaduna

Ni ɗan Maijirgi ne, ƙasar Tasawa, a kan babbar hanyar da ta taso daga Maraɗi ta nufi Damagaram. Ƙasarmu ta rairayi ce da gonakin hatsi, ruwanmu na rijiya ne da tabkin damina, ba mu da kogin da za a ɗora wa gadar ƙarfe. Wataƙila shi ya sa duk inda na ga gada nakan rage sauri in dube ta da kyau.

Wata ƙaramar salla na yi ta a Kaduna, gidan kawuna, wanda ya fi shekara 30 yana fataucin wake a can. Washegari ya kwashe mu da yara zuwa Ƙofar Gamji, lambun shaƙatawar nan na bakin kogin Kaduna, wanda yanzu ake kira da sunan Janar Hassan Usman Katsina. Yara suka watse wajen wasa, ni kuwa idona ya faɗa kan wata ƴar gada a tsakanin itatuwa. Tsawonta mita 14 ne da ƴan kai, faɗinta bai kai mita 2 ba. Mutum biyu za su gitta juna a kanta, amma jaki da mangala sai da dabara. Ƙarfe ce da katako, da makari hagu da dama. Abin da take ƙetarewa bai isa a kira shi kogi ba, alhali ga ainihin kogin can gefe yana malala, babu ruwanta da shi.

Na ce, “Kawu, wannan fa?”

Ya ce, “Gadar Lugga ke nan. Gwamna Lugga ne ya gina ta tun 1904. Kowa a garin nan ya san haka.”

Na yi shiru, don ba a musu da babba a gaban ƴaƴansa. Amma lissafin ya ƙi kwanciya a raina. Ɗan abin da na karanta na tarihin Arewa ya nuna mini cewa a 1904 babu birnin Kaduna. Akwai kogin da kadojinsa, akwai ƙauyukan Gbagyi, waɗanda mu Hausawa muke kira Gwari, suna nomansu a cikin ƙasar Zazzau. Layin dogon da aka shimfiɗa daga Baro zuwa Kano tsakanin 1907 da 1911 shi ya fara ratsa wurin. Sojoji sun tare a 1913, hedkwatar Arewa kuwa sai 1917 ta gama komowa. To, ta yaya gada za ta girmi garin da take ciki? Kuma wane ne zai ɗauko ƙarfe tun daga bayan teku ya kafa a daji, a kan ɗan kwarin da yaro zai iya tsallakewa da rani?

Da dare, bayan an ci tuwo yara sun kwanta, na kawo maganar cikin ladabi. Kawu ya saurara har na kai aya, sa'an nan ya ce, “To ɗan nan, ruwa ba ya tsami banza. Ko dai shekarar ce aka ɓata, ko kuwa ba Luggan ne ya yi ta ba. Bincika mu ji.”

Da shekarar na fara. Frederick Lugard, wanda Hausawa suka sauƙaƙa wa suna suka ce Lugga, zama biyu ya yi yana mulkin wannan ƙasa. Na farko daga 1900 zuwa 1906, yana Babban Kwamishinan Arewa. Daga nan aka kai shi Hongkong, ya yi gwamna daga 1907 zuwa 1912. Ya dawo a 1912, ya haɗe Arewa da Kudu ranar 1 ga Janairu 1914, ya zama Gwamna Janar har 1919. In a Kaduna ya gina gadar, to lalle a zamansa na biyu ne, don a lokacin ne aka sari garin. Sai na ce a raina, ƙila 1914 ce wani ya rubuta 1904, kuskuren ya bi baki ya zauna. Bayanin ya yi mini daɗi, amma bai kwana biyu ba ya rushe. Shekarar da aka ɓata takan zo iri-iri, wannan ya ce kaza, wancan ya ce kaza. Ita wannan kuwa, duk inda na leƙa, a rubuce ko a bakin mutane, 1904 ce ba ta motsi. Ban da haka, a zamansa na biyu Legas ce mazauninsa, Arewa tana hannun mataimakin gwamna. Ga ƙasa guda a kansa, ga yaƙin duniya na farko ana gwabzawa da Jamusawa har nan kusa a Kamaru. Ba lokacin ƙawata lambu ba ne.

Sai na koma zato na biyu. Kaduna garin reluwe ne, kuma inda ake aikin dogo ba a rasa ragowar ƙarafa. Ƙila guntun gadar jirgi ce ta yi saura, aka kawo ta lambu, aka laƙaba mata sunan Lugga don ta yi kwarjini. Kawu yana da wani maƙwabci, dattijo ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a aikin reluwe tun zamanin jirgi mai cin kwal. Muka je masa barka da salla da safe, muka same shi a zaure kan buzu. Bayan an gaisa na durƙusa na ce, “Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, tambaya na zo da ita,” na zayyana masa zatona.

Ya yi murmushi ya ce, “Ɗana, ka taɓa tsayawa kusa da kan jirgi? Faɗinsa kaɗai ya fi ƙarfin wannan gada, balle nauyinsa. Wannan ta ƙafa ce. Don mutum aka yi ta, ko doki sai an sauka an ja shi.”

Zato na biyu ya bi na farko. Amma dattijon bai sallame mu hannu sake ba. Ya gyara zama, ya ce in wata rana na bi ta tashar Minna, in nemi wani ɗan ƙaramin kan jirgi da aka girke don tarihi. Irinsa ne, in ji shi, ya fara tafiya a Arewa, kuma ba a Minna ya yi aikinsa ba, tsakanin Wushishi da Zungeru ya yi. Da aka gama da wannan ɗan layi sai aka tuge dogon, aka kwashi kayan aka kai su ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya ya hau tsaunin Jos don ɗaukar kuza.

“Ƙarfen Bature,” in ji shi, “ba ya tsufa inda aka fara ɗaure shi. Gunduwa-gunduwa yake zuwa a jirgin ruwa, a haɗa shi nan, gobe a kwance a kai gaba. Kai kana ta tambayar yaushe aka gina ta. Ka tambaya a ina aka gina ta?”

Abin da babba ya hango ke nan yana zaune. Ni da kawu mun ɗauka cewa gada, kamar rijiya, inda aka gan ta nan aka yi ta. Daga ranar na bar bin sawun gadar, na koma bin sawun mutumin: a 1904 ina Lugga yake kwana yake tashi?

Ranar 1 ga Janairu 1900, a Lakwaja, aka sauke tutar Kamfanin Neja aka ɗaga ta Ingila. Hedkwata ta fara zama a Jebba, bakin kogin Kwara. Amma idon Lugga yana kan manyan masarautun da ke gaba. Kwantagora da Bida sun faɗi a 1901, saura Zazzau da Kano da Katsina da Sakkwato. Yana neman wurin da ya fi kusa da su, wanda kuma kaya za su iya isa ta ruwa. Sai ya zaɓi wani fili a bakin kogin Kaduna kusa da Wushishi, wato Zungeru, aka tare a can a 1902. Yau garin yana cikin ƙaramar hukumar Wushishi a jihar Neja. Kogin ɗaya ne da wanda ya ratsa birnin Kaduna, sai dai Zungeru tana can ƙasa, ta wajen da ruwan ya nufi Kwara. Daga wannan hedkwata aka tsara yaƙin da ya ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, ya ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, ya ƙare a Burmi ranar 27 ga Yuli, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Saboda haka a 1904 Lugga yana Zungeru, yaƙi ya lafa masa, yana ta ginin bariki.

A nan ne zaren ya fara warwarewa. Akwai wani ƙaramin kogi da ake kira Dago, wanda ya ratsa barikin Zungeru kafin ya faɗa cikin Kaduna. Gidan Gwamna yana ɗaya gefen, sauran unguwannin bariki suna ɗayan. Duk wanda ya san rafukan wannan yanki ya san halinsu: da rani a taka duwatsu a wuce, da damina kuwa su cika su batse, su raba mutum da gidansa. Gwamnan da rafi zai iya hana wa takarda isowa ai mulkinsa na da saura. Shi ne aka ɗaura gadar ƙafa a kan Dago a 1904, ta haɗa gidansa da sauran barikin. Tsawon nan na mita 14, wanda ya zama kamar abin wasa a gefen kogin Kaduna, daidai wa daida yake da rafi irin Dago. Ƙarancin faɗin nan ma ya samu dalili, tunda mutane aka yi wa ita, ba amalanke ba. Ashe shekarar da kawu ya faɗa daidai ce, mai ginin ma daidai ne. Wurin ne kaɗai ba shi ba.

Yadda ƙarfen ya isa Zungeru ma abin tsayawa ne a duba. A wancan zamani maƙeranmu suna narka tama, suna ƙera garma da takobi da linzami, amma babu masana'antar da ke fitar da dogayen ƙarafan gini irin waɗannan a ƙasar. Ta teku suke zuwa. Hanyar da kayan gwamnati ke bi zuwa Zungeru doguwa ce: a sauke su daga jirgin teku a bakin Kwara, a loda wa jirgin kogi mai tururi, ya hauro ya wuce Lakwaja, ya kai mahaɗar Kwara da Kaduna, ya shiga Kaduna har wani mashigi da ake kira Barijuko. Daga nan ɗan jirgin nan da Baba ya ambata ya ja su tafiyar mil 22 zuwa bariki. A kowace mahaɗa kuwa, tsakanin jirgi da gaɓa, tsakanin tarago da bakin rafi, kafaɗar lebura ce ke ɗauka. Nupawa da Gbagyi da Hausawa su ne mutanen wannan hanya, su suka san nauyin kayan Bature a wuyansu. Gadar dai ta tashi da sunan mutum ɗaya.

Na daɗe ina tunanin ƙafafun da suka bi ta kanta. Masinja da takarda a hannu, tafinta, kuku da kwandon cefane, ɗan sanda, akawu da fayil a hammata. Akawunan nan da yawa daga Kudu aka kawo su. Ɗaya daga cikinsu aka haifa wa ɗa a Zungeru ranar 16 ga Nuwamba 1904, aka sa masa suna Nnamdi Azikiwe, wanda ya zama shugaban Nijeriya na farko. Shi da gadar tsara ne, shekara ɗaya gari ɗaya.

Amma ba duk abin da ya fito daga Gidan Gwamna ne na alheri ba, kuma wannan ɓangaren ne ya fi taɓa ni. A watan Fabrairu 1906 talakawan Satiru, kusa da Sakkwato, suka yi bore, suka kashe Turawa uku da sojoji da dama. Cikin jagororinsu akwai wani malami makaho da ake kira Ɗan Makaho, wanda ya tsallako daga ƙasarmu ta Nijar bayan Faransawa sun murƙushe irin wannan bore a can. Labari ya iso Zungeru, umarni ya fita daga Zungeru. Ranar 10 ga Maris aka afka wa Satiru, aka kashe kimanin mutum 2,000, aka baje garin har ƙasa. A watan Afrilu na wannan shekara aka ci Haɗeja da yaƙi, Sarki Muhammadu ya faɗi a fagen fama. Lokacin gadar tana da shekara biyu a kan Dago, ita ce mahaɗar gidan mai ba da umarni da masu zartarwa. Tun da na san wannan, ban ƙara yi mata kallon kayan ado ba.

Akwai kuma wani abu na shekarar 1904 da ya shafe ni kai tsaye. Ranar 8 ga Afrilu, a Landan, Ingila da Faransa suka sa hannu kan yarjejeniyar da ta sake jan iyaka tsakanin kogin Kwara da tafkin Chadi, don Faransawa su samu hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram. An sake gyara layin a 1906. Shi ne layin da nake tsallakawa tsakanin Ɗan Isa da Jibiya duk lokacin da zan je gaida ƙanin mahaifiyata.

Da na kawo wa kawu labarin Zungeru, ya tafa hannu ya ce, “To ai magana ta ƙare. Da zai tashi daga can sai ya kwance abarsa ya taho da ita.” Haka mafi yawan mutane ke faɗa, kuma biri ya yi kama da mutum, don ƙaurar ta faru. Zungeru ta yi wa Turawa zafi, ga sauro ga zazzaɓi. Da jirgin ƙasa ya kai Kano a 1911, layin Legas kuma ya haɗu da shi a Minna, hanyar kogi da ta sa aka zaɓi Zungeru ta rage daraja. Kaduna kuwa tana kan tudu, ga ruwa, ga dogo, ga kusanci da Zariya da Kano, kuma ba fadar wani sarki ba ce, balle a zauna ƙarƙashin inuwar wani. Lugga har ya so ta zama hedkwatar Nijeriya duka, abin bai yiwu ba. Aka kwashe sojoji da ofisoshi da takardu, Zungeru ta koma ƙaramin garin tasha. Har yau kufan gine-ginen bariki da maƙabartar Turawa suna can.

Sai dai na riga na koyi darasi daga Baba, ban yarda da abin da ya yi daɗin ji kawai ba. Na tambayi kaina: wace shekara aka kawo ta? Nan na tarar da amsa biyu. Wasu rubuce-rubuce sun ce 1920. Ko da a ce haka ne, labarin kawu ya riga ya karye, don Lugga ya bar mulkin Nijeriya a 1919, Hugh Clifford ya gaje shi. Wanda ba ya ƙasar ba zai kwance gada ya ɗora a tarago ba.

Amsa ta biyu ta fi ƙarfi, kuma a cikin dokokin ƙasa take. A 1953 aka yi dokar kare kayan tarihi a Nijeriya. A ƙarƙashinta, ranar 16 ga Fabrairu 1956, aka ayyana wannan gada a cikin kayan tarihin ƙasa, tana cikin na farko-farko da suka samu wannan matsayi. Bayanin da aka yi mata a jerin gwamnati ya nuna cewa gadar ƙafa ce ta ƙarfe, wadda Lugard ya fara kafawa a Zungeru a 1904, aka sake kafa ta a lambun Kaduna a 1954. Ni wannan na ɗauka, kuma ga dalilina. An rubuta shi shekara biyu kacal bayan aikin, lokacin da waɗanda suka kwance ta suka ɗaura suna raye, suna cikin garin. Mutum ba ya kuskuren shekara 34 a kan abin da ya gani da idonsa shekaranjiya. Ita kuwa 1920 ana iya gane inda ta samo asali: mutane sun san an yi ƙaura daga Zungeru wajen wannan lokaci, sai suka haɗa gadar cikin kayan ƙaura. In an bi 1954, gadar ta yi shekara 50 cif a kan Dago, fiye da 30 daga ciki bayan gwamnati ta tashi ta bar ta. Lugga kuwa ya mutu a Ingila ranar 11 ga Afrilu 1945. Shekara 9 yana kabari aka kawo gadarsa Kaduna.

Saura tambaya ta ƙarshe, wadda ta fi sauran nauyi: me ya sa sai a 1954? Wa zai tuna da tsohuwar gada a garin da aka yi wa ƙaura, har ya kashe kuɗi da ƙarfi ya ɗauko ta?

Sai a dubi yadda Kaduna take a wannan shekara. Ranar 1 ga Oktoba 1954 sabon tsarin mulki ya fara aiki, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Gwamna Bature na lokacin shi ne Bryan Sharwood-Smith, wanda Hausawa ke kira Mai Wandon Ƙarfe. Duk mai ido ya ga rana ta yi yamma ga mulkin Turawa. Shekara 5 bayan nan Arewa ta samu mulkin kai, a 1960 kuma Nijeriya da Nijar duka suka samu ƴanci. A gefe guda aikin adana kayan tarihi yana tashe. Kenneth Murray yana jagorancinsa tun 1943, an buɗe gidan tarihi na Jos a 1952, doka ta biyo baya a 1953. Mutumin da ya ga tafiya ta matso shi ke waiwayen inda ya faro, ya tattara abin tunawa. A ganina wannan ne ya kawo gadar Kaduna. Inda aka ajiye ta ma shaida ne. Da don amfani aka kawo ta, da an ɗora ta inda mata ke tsallaka rafi zuwa kasuwa. Sai aka kai ta lambun gwamnati, inda ake zuwa shan iska, kafin shekara biyu aka sa ta a jerin kayan tarihi, a cikin watan da Sarauniya Elizabeth ta zo Kaduna aka yi mata hawan daba. A Zungeru aiki aka kafa ta ta yi. A Kaduna don a riƙa tunawa da Lugga aka kafa ta, kamar yadda tsohon zauren majalisar Arewa ke ɗauke da sunansa.

Amma lambun bai zauna a hannun waɗanda suka kawo ta ba. Aka kira shi Gamji, kirarin Sardauna. Daga baya aka sa masa sunan Hassan Usman Katsina, gwamnan soja na Arewa daga 1966 zuwa 1967, ɗan Sarkin Katsina Usman Nagogo, jikan Sarki Dikko. Shi Hassan ya rasu a 1995. Yanzu hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke da alhakin gadar. Jikokin waɗanda aka ci da yaƙi su ke hawanta ran salla da sababbin kaya suna ɗaukar hoto.

Na taɓa jin wani matashi yana cewa ai kamata ya yi a tuge ta a sayar wa ƴan gwangwan, me za a yi da kayan wanda ya zo ya ci ƙasa? Na fahimci zafin zuciyarsa, amma ban bi shi ba, kuma garinmu ne ya hana ni. Mu ma a Maijirgi muna da abin da Nasara suka bar mana. A 1899 ayarin sojan Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ya ratso ƙasar Hausa yana ƙone garuruwa yana karkashe mutane, abin da suka yi a Birnin Ƙonni har yau ba a manta ba. Da labari ya kai Faransa aka turo Kanar Klobb ya tsayar da su, Voulet ya sa aka harbe shi a Ɗankori ranar 14 ga Yuli. Kwana biyu bayan haka sojojinsu suka juya musu baya, aka kashe Chanoine ranar 16, aka kashe Voulet ranar 17. Kaburburansu suna garinmu. Ba mu tone su mun zubar ba, kuma ba don ƙauna ba. Suna nan ne, shi ya sa yaro kan tambaya na su wane ne, dattijo ya samu ƙofar ba shi labarin abin da aka yi wa kakanninsa. Da an share wurin, da tambayar ta tafi tare da shi. Abin da nake tsoro ga gadar Kaduna ba tsatsa kaɗai ba ne. Ina tsoron ta tsaya da ƙafafunta amma labarinta ya gurguje, ya rage jimla ɗaya irin wadda kawu ya ba ni, wadda babu Zungeru a ciki, babu Dago, babu lebura, babu Satiru.

Kafin in komo gida mun sake zuwa gaida Baba, na kwashe duk abin da na samo na faɗa masa. Ya jinjina kai ya ce, “Madalla, ɗana. Allah ya yi maka albarka. Sai ka rubuta, don mu mun kusa tafiya.”

Ga shi na rubuta. Ina roƙon masu kula da gadar su tabbatar akwai allo a gefenta da harshen da masu zuwa lambun ke ji, Hausa da Gbagyi, mai ɗauke da shekarun nan uku, 1904 da 1954 da 1956, da sunan Zungeru da na Dago. Ina roƙon malaman makarantun Kaduna su riƙa kai ɗalibai can da darasi a hannu, na Tasawa da Mayahi kuma su kawo nasu Maijirgi. Kai kuma mai karatu, in Allah ya kai ka Ƙofar Gamji da yaro a hannu, ya nuna gadar ya tambaye ka, ka faɗa masa daidai: a Zungeru aka kafa ta, a kan rafin Dago, a 1904, an kawo ta nan a 1954, kuma Lugga bai taɓa taka ta a Kaduna ba.